Buɗewar ƙofofin gashi a fuska: Abin da ake zato da abin da likitoci suka tabbatar

A duk lokacin da bazara ta kama a ƙaramar hukumar Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura a jihar Katsina, inda zafi kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas cikin watan Afrilu, akwai wani ƙorafi da kan yawaita a bakin 'yan mata da samari, wato fuska ta yi maiƙo, kuma wasu 'yan ramuka sun fito fili a kan hanci da kumatu da goshi.

Waɗannan 'yan ramuka su ne ƙofofin gashi. Likitocin fata sun ce kowane ɗan Adam yana da su, kuma fitowarsu fili ba cuta ba ce.

To sai dai neman kawar da su na jefa mutane da dama, musamman mata masu shirin aure, cikin amfani da mayuka da haɗe-haɗen da ke yi wa fata lahanin da ya fi wanda ake gudu. Wani lahanin ma ba ya tsayawa a fuska, yakan kai har ƙoda.

Mece ce ƙofar gashi?

Kowane silin gashi a jikin mutum yana tsirowa ne daga wani ɗan siririn rami da ke cikin fata. A gefen wannan rami akwai wata 'yar jaka da ke haɗa maiƙo, tana tura shi ta cikin ramin zuwa saman fata. Bakin ramin shi ne ƙofar gashi.

Wannan maiƙo yana da aiki. Shi ke hana fata bushewa da tsagewa, kuma yana taimakawa wajen kare ta daga wasu ƙwayoyin cuta.

Akwai irin waɗannan jakunkuna a ko'ina a jiki in ban da tafin hannu da tafin ƙafa. Amma sun fi yawa da girma a fuska da fatar kai, inda akan samu daga 400 zuwa 900 a cikin murabba'in santimita guda. Shi ya sa ƙofofin hanci da goshi suka fi na hannu fitowa.

Zufa kuwa tana da nata ƙofofin na dabam, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya ganin su.

Me ke sa su faɗi?

Masana sun fi ambaton dalilai uku: yawan maiƙo, da sakin fatar da ke kewaye da ƙofar, da kuma kaurin tushen gashin kansa. Dukansu gado na da hannu a ciki, kamar yadda yake da hannu a tsawo da launin fata.

Wani bincike da aka gudanar a Koriya ta Kudu kan mutane 60, wanda aka wallafa a shekarar 2006, ya nuna cewa yawan maiƙon da fata ke fitarwa shi ne abin da ya fi alaƙa da faɗin ƙofofin. Binciken ya kuma gano cewa na maza sun fi na mata faɗi, kuma a wajen mata girmansu kan ɗan sauya gwargwadon lokacin da suke ciki tsakanin al'ada da al'ada.

Wani binciken na shekarar 2015, wanda ya duba fuskokin mata 2,585 a Faransa da Japan da Sin da Indiya da Brazil, ya nuna cewa girma da yawan ƙofofin sun bambanta ƙwarai tsakanin al'umma da al'umma, fiye da yadda suka bambanta tsakanin yarinya da babba.

Yanayi ma na da tasiri. Tun a shekarar 1970 masu bincike a Birtaniya suka auna cewa idan ɗumin fata ya ƙaru da maki ɗaya, maiƙon da ke fitowa samanta kan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Wannan na bayyana abin da ya sa ƙorafin ya fi yawa a bazara, sa'annan ya lafa idan hunturu ya shigo.

Lokacin balaga kuma sinadaran jiki kan tayar da jakunkunan maiƙo, su ƙara girma da aiki. A nan ne yawancin matasa kan fara lura da ramukan, tare da ƙurajen fuska.

Ruwan zafi da ƙanƙara

Zaton da ya fi yaɗuwa shi ne cewa tururi ko ruwan zafi na buɗe ƙofofin, ruwan sanyi ko ƙanƙara kuma na rufe su.

Likitoci sun ce ƙofar gashi ba ta da wani naman da zai ja bakinta ya buɗe ko ya tsuke, don haka ba ta buɗewa ba ta rufewa.

Abin da tururi ke yi shi ne tausasa maiƙon da ya daskare, ta yadda zai fi sauƙin wankuwa. Ƙanƙara kuma takan tsuke jijiyoyin jini na ɗan lokaci, fata ta ɗan ɗaure, amma da zarar fuskar ta koma ɗuminta sai komai ya dawo yadda yake.

Yawan sirace da ruwa mai tsananin zafi na iya busar da fata, ko ma ya ƙona ta.

Haka nan duk wani mai ko sabulun da aka yi tallarsa da cewa yana rufe ƙofofin gashi har abada, alkawari ne da ba zai cika ba. Abin da ake iyawa shi ne rage fitowarsu fili.

Baƙin ɗigo ba ƙazanta ba ne

Mutane da yawa na ɗaukar baƙaƙen ɗigon da ke kan hanci a matsayin ƙura ko dauɗa, musamman a yankin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara tsawon watanni.

A haƙiƙa, maiƙo ne da matattun ƙwayoyin fata suka taru a bakin ƙofar. Idan iska ta taɓa saman tarin sai ya yi duhu, kamar yadda goron da aka ɓare yake sauya launi idan ya sha iska.

Wannan zato na sa wasu su riƙa dirje fuska da soso da sabulu mai ƙarfi sau da yawa a rana. Sakamakon shi ne fata ta ƙuje, ta yi zafi, ƙuraje su ƙaru.

Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta da ke kare ta, wanda kan tsaya a wajen maki 5 a ma'aunin da masana ke auna tsami da kanwa da shi. Sabulun wanka na yau da kullum kan kai maki 9 zuwa 10, kuma sabulun salo, da yake da toka ake haɗa shi, shi ma ɓangaren kanwa ya karkata. Yana wanke maiƙo sosai, amma barin sa a fuska na tsawon lokaci kan jawo bushewa da raɗaɗi.

Shawarar likitoci ita ce a wanke fuska da sabulu mai laushi sau biyu a rana, safe da dare, da kuma bayan an yi zufa mai yawa. Ruwan alwala, da yake ruwa ne zalla, ba ya cikin wannan lissafi.

Matsewa da farce

Matse hanci don fitar da farin abin da ke cikin ƙofofin al'ada ce da ta zama ruwan dare. Mafi yawan abin da ke fitowa maiƙo ne na ƙa'ida da ke kwance cikin ramin, kuma yakan sake cika cikin 'yan makonni.

Matsewar kan fasa bangon ramin ta ciki, ta tura ƙwayoyin cuta ƙasa, ɗan ƙaramin ɗigo ya zama ƙurji.

Ga masu baƙar fata akwai ƙarin matsala. Duk inda fata ta ji rauni ko ta kumbura, takan fitar da ƙarin sinadarin launi a wurin, sai a wayi gari da baƙin tabo wanda kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ya dushe.

Galibi wannan tabo ne ke kai mutum ga neman man da zai haska fuska.

Laifin gyaɗa ne?

A ƙasar Katsina da Daura, inda gyaɗa da ƙuliƙuli da man gyaɗa suke cikin abincin yau da kullum, an daɗe ana cewa cin su ne ke sa fuska maiƙo.

Masana sun ce man da mutum ya ci ba ya bi ta jini ya ɓullo a kan hanci. Jakunkunan fata ne ke haɗa nasu maiƙon, bisa umarnin sinadaran jiki.

Abincin da bincike ya fi dangantawa da ƙurajen fuska shi ne wanda ke ɗaga sukarin jini da sauri, kamar lemon kwalba da alewa da farin burodi, sai kuma madara a wajen wasu mutane. Ko wannan ma tasirinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Lemon tsami da sauran haɗe-haɗen gida

Akan shawarci 'yan mata su goga lemon tsami, ko man goge baki, ko kanwa, ko toka a fuska don tsuke ramukan.

Ruwan lemon tsami na ɗauke da wani sinadari wanda idan ya haɗu da hasken rana yakan ƙona fata, har ta yi bororo, ta bar baƙin tabo. A garin da rana ke dukan mutum tun hantsi, wannan haɗari ne na kusa.

Man goge baki da kanwa da toka kuwa suna busar da fata, su ci samanta. Ɗaurewar da ake ji bayan an shafa su alama ce ta bushewa.

Dilka da halawa, waɗanda suka shigo ƙasar Hausa ta hanyar Sudan da Borno kuma suka zama ginshiƙin gyaran jikin amare, suna kankare matacciyar fata da gashi, abin da kan sa jiki ya yi santsi na ɗan lokaci. Ba sa sauya girman ƙofar gashi, kuma fatar fuska ba ta jure dirzar da hannu ko ƙafa ke jurewa.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne idan aka zuba mayukan bilicin cikin haɗin ba tare da amarya ta san abin da ke ciki ba.

Mayukan bilicin

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata a kai a kai, adadi mafi yawa cikin ƙasashen da rahoton ya ambata.

A watan Fabrairun 2023, a wani taro da ta yi da 'yan jarida a Kano, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta ƙasa da ke buƙatar matakin gaggawa.

Da yawa daga cikin waɗannan mayuka na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa uku: sitiroyid, ko haidurokwinon, ko zaiba.

Sitiroyid magani ne da likitoci kan rubuta don wasu cututtukan fata, na ɗan ƙayyadadden lokaci. A makonnin farko yakan kwantar da ƙuraje, fuska ta yi haske da sumul, mai shafawa ta ɗauka ta dace.

Idan aka daɗe ana shafawa sai fata ta sirance, jijiyoyin jini su fito, sababbin ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuska. Da yake fatar da ke tallafe da ƙofofin ta raunana, sai ramukan su ƙara fitowa fiye da da. Idan ya shiga jini da yawa kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari, ya kuma hana rauni warkewa da wuri, abin da ke da haɗari ga macen da za a yi wa tiyata wajen haihuwa.

Haidurokwinon, idan aka daɗe a kansa, kan bar wani duhu mai kama da ƙuna a kan kumatu, wanda ke da wuyar magani.

Zaiba kuwa guba ce da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana iya kai wa ga ɗan da ke ciki da jaririn da ke shan nono. Yarjejeniyar Minamata ta shekarar 2013, wadda Najeriya ke ciki, ta taƙaita amfani da ita, kuma a taron da suka yi a Geneva a 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar sun amince a haramta zuba ta a kayan kwalliya kwata-kwata daga ƙarshen 2025.

Likitoci na gargaɗin cewa wadda ta daɗe tana shafa sitiroyid, idan ta daina kwatsam, fuskar kan yi ja da ƙaiƙayi da ƙuraje, abin da kan sa wasu su koma. Saboda haka ya fi kyau a daina ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Man shafawa da hunturu

Wasu masu maiƙon fuska kan guji shafa mai baki ɗaya, wasu kuma kan lafta mai kauri idan sanyi ya shigo.

Fata mai maiƙo ma tana bushewa a hunturu, kuma tana buƙatar mai. Abin lura shi ne nauyinsa. Man kaɗe da basilin da man shanu sun dace da ƙafa da hannu da leɓe, amma ga mai yawan ƙurajen fuska an fi son mai marar nauyi wanda ba ya toshe ƙofofi.

Man kitso ma na da nasa tasirin. A shekarar 1970 likitocin fata a Amurka suka bayyana wani nau'in ƙananan ƙuraje da ke fitowa a goshi da gefen fuska ga baƙaƙen fata masu yawan shafa man gashi mai kauri. Idan man ya narke da zafi ya gangaro, ko ɗankwali ya kwaso shi ya manna a goshi, yakan toshe ƙofofin wurin.

Kwana da hoda da sauran kayan kwalliya a fuska shi ma yana ƙara toshewar.

Rana da shekaru

Akwai masu ganin cewa rana na busar da maiƙo, kuma baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga gare ta.

Gaskiya ne baƙar fata ta fi jure rana. Amma shekaru ana shan ta kan lalata zaren da ke ɗaure fata ta ciki, wanda masana ke kira kolajin. Idan ya saki, bakin ƙofar sai ya yi sako-sako kamar bakin buhun da igiyarsa ta kwance. Shan taba ma na yin irin wannan ɓarna.

Wannan ya shafi mazauna yanki irin Dutsi, inda akasarin jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa masu wuni a fili. Malafa da inuwa da mayafi kariya ce ta gaske, kuma ba ta da tsada. Ga mai hali, likitoci kan ba da shawarar man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye.

Ba kowane rami ne ƙofar gashi ba

Wasu ramukan da ake gani a fuska tabo ne. Manyan ƙuraje kan bar rami mai zurfi bayan sun warke, haka ma ƙaranbau idan aka sosa.

Dattawa na iya tuna zanzana, wato ramukan da cutar agana ke bari a fuska. An daina samun cutar a Najeriya tun 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa.

Bambancin yana da muhimmanci, domin babu sabulu ko man da ke cike tabon rami. Wannan aikin likitan fata ne.

Abin da ke taimakawa

Bayan wanke fuska a hankali da kare ta daga rana, akwai magungunan da bincike ya nuna suna rage fitowar ƙofofin.

Na farko shi ne salisilik asid, wanda ke narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya shiga ramin ya sassauta abin da ya toshe shi.

Na biyu su ne magungunan shafawa dangin bitamin A, irin su tiretinoyin da adafalin, waɗanda ke hana toshewa. Da dare ake shafa su, kaɗan kaɗan, domin sukan sa fata saɓa da raɗaɗi a farko. Likitoci na hana mai juna biyu da mai neman haihuwa amfani da su.

Duk waɗannan na buƙatar haƙuri. Akan yi makonni 8 zuwa 12 kafin a ga sauyi, kuma idan aka daina, fata kan koma halinta sannu a hankali.

A manyan birane akwai masu aiki da na'urar leza da ƙananan allurai da sinadaran saɓe fata. Suna iya taimakawa a hannun ƙwararre, amma a kan baƙar fata kuskure kaɗan kan bar tabon da ya fi ramukan muni.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Ya kamata a nemi likita idan ƙurajen manya ne masu zafi, ko suna barin rami, ko kuma fata ta fara nuna alamun lahanin bilicin.

Haka nan macen da ke fama da maiƙo da ƙuraje tare da rikicewar al'ada da tsirar gashi a haɓa, tana buƙatar bincike, domin hakan na iya zama alamar matsalar sinadaran jiki da ke shafar haihuwa.

Likitocin fata sun yi ƙaranci a arewacin Najeriya, kuma yawancinsu na manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Mazaunin Dutsi ko Shargalle zai iya farawa da asibitin da ke kusa da shi, inda za a duba shi, a tura shi Katsina ko gaba idan da buƙata.

Wani abin da ya ƙara wa matasa damuwa a 'yan shekarun nan shi ne hotunan wayar salula. Manhajoji irin su Snapchat da TikTok da Instagram na da hanyoyin goge fuska ta fito sumul, kuma wayoyi da dama kan yi hakan da kansu ba tare da an umarce su ba.

Likitocin fata sun ce fuskar da ba ta da ƙofar gashi ko ɗaya a hoto kawai ake samun ta, kuma wanda ke tsaye nesa da mutum da taku biyu ba kasafai yake ganin abin da mai fuskar ke gani idan ya kusanto da madubi ba.